Hanya Uku Zuwa Jijiya Ɗaya

A Garwa, a ɗakin da fanka ke ƙugi,
Ni ke riƙe fitila, ni ke dafa ƙarafa.
Shekara tara ina leƙen bakin mutane,
Har na gane ƙashin sama da na ƙasa ba 'yan uwa ɗaya ba ne.
Na sama soso ne, ɗiga masa magani ya shanye,
Na ƙasa dutsen Tinglin ne, ba ya jin rarrashi.
Jijiyarsa ta shige rami ta ɓuya
Kamar ruwan rafi da rani a ƙarƙashin yashi.
Ko ka tare ta a mashiga, ko ka yi ta tono a banza.

Dokta Hammajoda, furfura har gira,
Hanyarsa ɗaya ce tun yana da ƙuruciya.
Babban yatsa a gefen muƙamuƙi,
Sirinji ya ratso daga ɗaya kusurwar baki,
Allura ta nutsa har ta ƙwanƙwasa ƙashi.
"Sallama ke nan," in ji shi, "ba a faɗa wa gida haka kawai."
Ya ja baya kaɗan, ya zuƙa ya ga ko da jini,
Sannan ya tura sannu a hankali.
Minti biyar, leɓe ya zama na aro.
Amma na ƙirga a zuci ban faɗa ba:
Akwai ranar da ƙofar ba ta inda ya san ta,
Mutum ya zabura, a koma a sake.

Dokta Astawabi, ba ta daɗe da zuwa daga Yawunde ba,
Ita sama take nufa, can wuyan gaɓa.
"Wage baki iyakar ƙarfinka," ta saita da bakin kunne.
"Don me zan bi reshe, ga gindin bishiya?"
Tata tana da nawa, sai an zauna jira,
Amma in ta kama, harshe da kunci da dasashi duk barci.
Shi ya ce, "Masu layi a benci fa?"
Ita ta ce, "Sun fi son jira da ihu."

Ran Alhamis sai ga Gwadabe, masunci daga Lagdo,
Kwana huɗu rabonsa da tuwo,
Kunu yake zuƙa ta tsakanin haƙora.
Matauni ya ruɓe, baki ya ƙi buɗuwa,
Yatsa ɗaya ma da ƙyar yake shiga.
Hanyar tsoho na son ƙofa a buɗe,
Hanyar yarinya na son ta a wangale,
Ga gida an sa masa sakata.

Shiru, sai ƙugin fanka.

"Akwai ta uku," ta ce, murya ƙasa ƙasa,
"Sau biyu tak na yi ta a makaranta."
Baki a rufe, ta janye kunci,
Allura ta bi layin dasashin sama tana silalawa,
Babu ƙashin taɓawa, babu mai amsa sallama,
Awo ne kawai da sanin hanya cikin duhu.
Na ga gumi a goshin tsoho,
Amma shi ya tallafe kan Gwadabe da hannu biyu.

Muka jira. Jirgin ƙasa bai wuce Garwa ba balle ya cika shirun.
Can sai yatsa biyu suka shiga,
Can kuma uku.
Haƙorin ya fito baƙi, ya faɗa tasa ya ce ƙwal.
Gwadabe ya so godiya, leɓe ya ƙi ba shi haɗin kai,
Sai ya nuna tsawon giwan ruwa da hannu, alkawari ke nan.

Bayan la'asar, ina goge kujera,
Na ji tsoho ya sauko da ƙoƙon kan roba daga kanta,
Ya hure ƙura, ya rufe masa baki.
"Nuna mini inda kika bi," ya ce.
Ba wanda ya kira ni.
Na ɗauko fitila.